Ranar da Ban Tara Miki Ba

Mako ashirin da tara kika yi a cikina,
sai kika buga ƙofa da tsakar dare,
a watan da kogin Tuul ke zama dutse,
hayaƙin kwal ya kife kan Ulanbator
kamar murfin tukunya.

Ba ki yi kuka ba.
Ɗan gurnani na ji,
ƙasan haƙarƙarinki yana lotsawa
duk sanda kika nemi iska.
Suka wuce da ke a guje,
ban ko ƙirga yatsunki ba.

Kilo ɗaya da giram ɗari biyu.
Ƙullin naman da Lhagva ke sayowa ranar albashi
ya fi ki nauyi.

Yanzu kina kwalba, a hawa na uku,
siririn tiyo a hancinki,
na'ura na auna miki abin da kowa ke shaƙa kyauta.

Ranar Laraba Likita Sodnom ta zo da takarda.
Ta ce huhun bakwaini kamar jiƙaƙƙiyar leda yake,
gefe ya manne da gefe, buɗe shi aiki ne.
Ta ce sun auna jinin cibiyarki,
bitamin D ɗin ciki bai taka kara ya karya ba.
Ta zagaye lambar da biro:
"Shi ne wanda fata ke haɗawa in rana ta taɓa ta."

Rana.
Na yi shiru ina lissafi.
Ƙarfe bakwai nake shiga masaƙa, gari bai waye ba,
in wuni ina tsefe gashin awaki a ƙarƙashin lantarki,
in na fito, duhu ya riga ni bakin ƙofa.
Lahadi kuwa riga kan riga,
ƙyalle a hanci saboda hayaƙi,
ido kaɗai a waje.
Ta ina za ta same ni?

Na ce, "Ni ce ke nan na hana ta?"
Ta ajiye biron.
"Ban ce ba. Mukan ga su biyun tare,
ƙarancin nan da wuyar numfashi.
Wane ya jawo wane, mu ma tambaya muke.
Dubi gadajen nan, ba ke kaɗai hunturu ya ci bashi ba."
Na ji.
Sai dai dare ba ya jin bayanin likita.

Kakarki ta gangaro daga tantinmu na kan tudu,
bas biyu, da sanda,
da ɗan dilan da ta yanko daga ulu don ya tsare barcinki.
Nas Dulamsuren ta ce ba ya shiga ciki,
amma ta liƙa shi a bayan gilashi da filasta.
Tsohuwa ta ce a kira ki Nergui, wato Ba-Suna,
don in mai ɗauka ya zo yana cigiya
ya rasa wa zai kira.
Lhagva ya sunkuyar da kai.
Ni na ce a'a.

Ina tatsa, su auna, su ɗura ta tiyo,
su ƙara ɗigon magani mai kama da mai.
Nawa ƙwayar nakan kora ta da shayin gishiri,
a makare, na sani, amma ina korawa.

Kwana na goma sha tara
suka kashe na'urar, minti arba'in.
Suka ɗora ki a ƙirjina, fata da fata,
ina jin kowane ja da kowane saki
kamar mai saƙa da zaren da ya kusa tsinkewa.
Bai tsinke ba.

Da azahar rana ta leƙo ta kan dutsen Bogd,
fara fat, ba zafi, kamar wadda ta tashi daga jinya.
Dulamsuren ta ce ba ta aiki ta bayan gilashi.
Na ce na sani.
Na dai ja kujera zuwa taga.

A katin da ke jikin kwalba, inda aka bar fili,
na ari biro na rubuta Narangerel:
Hasken Rana.
Duk mai cigiya ya zo ya karanta.

Gobe za su sake gwadawa.
Awa guda, in ji su.